Rubutu ya dawo min da barci, yanzu yana neman raba ni da mijina

Anti, barka da ƙoƙari. Shekarata 28. Daga wani gari nake a kudancin Katsina, aure ya kawo ni Legas shekara 6 ke nan. Muna Ketu, ɗaki ɗaya a gidan haya. Maigidana dillalin tumatir ne a Mile 12, tun kafin assalatu yake fita, ba na ƙara ganinsa sai bayan isha'i. 'Yarmu ɗaya.

Shekara 2 da suka wuce na haifi ɗa namiji ba rai. Shi da abokansa biyu suka kai shi makwancinsa, bayan kwana uku ya koma kasuwa, har yau bai sake tayar da zancen ba. Mahaifiyarsa kuwa ta kira ta ce da na dawo gida haihuwa yadda ta ce da haka ba ta faru ba, wai Legas ta buɗe min ido, asibiti na fi so. Wata 7 na yi ba na samun barci sai gyangyaɗi. Sai na fara rubuta abin da ke raina a ragowar littafin makarantar 'yata. Wata baiwar Allah a Islamiyyarmu ta gani, ta haɗa ni da wata ƙungiya ta mata marubuta. Mun kai 40, wasu a Kano, wasu Jos da Kaduna, mu 5 a nan Legas, yawancinmu ta waya muka san juna. Su suka koya min ƙa'idojin rubutu, suke duba min labari, har na fara samun 'yan kuɗi da buga wa wasu rubutunsu. Anti, a cikinsu na sake jin dariyata.

Sai na rubuta labarin wata mata da ta rasa jariri. Na canza sunaye, amma maganar surukar na sa ta yadda aka faɗa min, ban rage ko harafi ba. Labarin ya bi wayoyi har ya faɗa hannun ƙanwar mijina. Yanzu gida ya ɗauki zafi, an ce na tona musu asiri a duniya. Maigida ya ce in bar rubutu in kuma fita daga cikin matan nan. Bai taɓa ɗaga min hannu ba, kuma bai karanta labarin ba, faɗa masa aka yi. Shugabarmu ta ce kada in bari a binne min baiwa, in sayi wani layi in canza suna in ci gaba a ɓoye. Idan na bar su ina tsoron komawa halin da na fito. Yaya zan yi?

'Yarki daga Ketu

Ƙanwata, Allah Ya sa yaron nan mai ceto ne, Ya mayar miki da mai albarka. Na fara da wannan ne don na bi wasiƙarki sau biyu ban ga inda wani ya zauna ya yi miki ta'aziyya yadda ta kamata ba. Mu Hausawa in jariri ya zo ba rai sai mu ce ai ba rabo ba ne, a share hawaye a ɗora tukunya, kamar wata 9 ɗin da aka yi ana jin motsinsa ba komai ba ne.

Kuma ki ji da kyau, zuwanki asibiti ba shi ya kashe ɗanki ba. Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna kusan jarirai miliyan 2 ake haifa ba rai duk shekara a duniya, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi yawa. Abubuwan da aka fi sani suna jawowa su ne hawan jini lokacin ciki, zazzaɓin cizon sauro, ciwon suga, doguwar naƙuda da matsalar mahaifa, kuma kusan dukkansu a asibiti ake da damar gano su, ba a ɗakin uwar miji ba. Maganar da aka faɗa miki ba gaskiya ba ce, kuma ta yi zafi. Ki riƙe wannan, domin can gaba zan ce ki ba da haƙuri, kada ki ɗauka na ce ke ce mai laifin komai.

Bari in ba ki nawa labarin tukuna.

A 1997 aka kawo ni Idi-Araba amarya. Wayar hannu ba ta fara yaɗuwa a ƙasar nan ba sai 2001, Innata kuma ba ta karatun boko balle in rubuta mata wasiƙa. Abin da muke yi lokacin kaset ne. In maigida ya fita sai in saka sakata, in jawo rikoda kan tabarma, in danna jan maɓalli in yi ta zuba, gaisuwa, labarin tsadar gero a Kurmi, yadda Yarbawan gidanmu ke zuba barkono kamar ba gobe. In ya cika a ba direban da zai yi Arewa. Akwai yayar maigidana da ta zo ta zauna da mu wata huɗu, ta sa ni a gaba, miyata ba ta yi ba, shara ba ta yi ba, tafiyata ma ba ta yi ba. Wata rana na cika kaset mai minti 60, gaba da baya, da zancenta, har da kwaikwayon yadda take jan hanci kafin ta yi magana. Ashe ranar da saƙon ya isa ana suna a gidanmu. Ƙanena, don ɗoki, ya sayo sabon batir ya kafa rikoda a tsakar gida ya ƙure murya, wai kowa ya ji muryar 'yar Legas. Cikin matan da ke zaune har da gwaggon mijina.

Babu ƙarya ko ɗaya a kaset ɗin nan, amma sai da na durƙusa. Abin da ya sa na ɗauko miki shi kuwa maganar da mijina, Allah Ya jiƙansa, ya faɗa min ce bayan ƙura ta lafa. Bai ce don me na zagi yayarsa ba. Cewa ya yi, "Ashe kina da magana haka, ni da muke kwana ɗaki ɗaya ban taɓa ji ba?" Ina jin maigidanki ma can ƙasan fushinsa abin da ke kwance ke nan.

Amma mu fara da matan nan, don ba zan ce miki ki rabu da su ba. Wanda bai yi zaman Legas ba ba zai gane irin kaɗaicinta ba. Gari cike da mutane, a gidan haya ku goma sha kuna layin banɗaki ɗaya, janareton maƙwabci na kuka har asuba, amma ki wuni ba wanda ya kira sunanki. A gida in abu ya same ki kafin ki share hawaye tsakar gida ta cika da gwaggo da inna da ƙawaye. A Ketu sai bango da fanka. Mace 40 da suka san ciwonki, suka karanta abin da kika rubuta da tsakar dare suka ce mun ji, ba ƙaramar kyauta ba ce daga Allah. Sun ba ki sana'a, sun ba ki abin tashi dominsa da safe, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne aka ce, kuma ke kin gani da idonki.

Ba kuma baƙon abu ba ne a wurinmu, in wani ya ce miki ɗabi'ar zamani ce. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa 'Yan Taru. Tana naɗa dattijuwar mace jaji, ta ɗora mata malfa, jajin ta jagoranci tsofaffi da 'yan mata daga ƙauyuka su zo wurinta su haddace waƙoƙin karatu, su koma su koyar da matan auren da ke cikin gida ba sa iya tafiya. Wato tsari ne da aka gina musamman don rubutu ya iske mace irinki har ɗaki. Ita kanta da ɗan uwanta Sarkin Musulmi Bello ya rasu a 1837, alƙalami ta ɗauka ta yi masa marsiyya. Mijinta Waziri Giɗaɗo shi ma marubuci ne, bai ce ta ajiye ba. Ki ajiye wannan a aljihu, zai yi miki amfani ranar da za ku zauna da maigida.

To amma akwai abu biyu da kika cakuɗa, shi ma ya cakuɗa su, shugabarku ma haka. Rubutu daban, sakin rubutu daban. A 1986 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, James Pennebaker, ya sa ɗalibai su riƙa rubuta abin da ya fi yi musu ciwo a rayuwa, minti 15 kullum, kwana 4 a jere. Waɗanda suka rubuta abin da ya faru tare da yadda suka ji a ransu, an ga zuwansu asibiti ya ragu a watannin da suka biyo baya. Abin lura a nan, ba a buga takardun nan an raba wa jama'a ba. Maganin yana cikin fitar da abin daga ƙirji zuwa takarda. Littafin makarantar 'yarki ya fara yi miki aiki tun kafin wani ya karanta shi. Wannan haƙƙinki ne, kuma ban ga dalilin da zai sa a hana mace shi ba. Sakin labari cikin jama'a kuwa, da maganar tsohuwar mutane a ciki kalma da kalma, nan kin taɓa haƙƙin wani.

Ni ba malama ba ce, amma abin da muka koya a Islamiyya ya isa. An tambayi Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, idan abin da na faɗa a kan ɗan uwana gaskiya ne fa? Ya nuna cewa ai shi ne giba, in ƙarya ne kuwa ya zama ƙazafi. Na san akwai aya ta 148 a Suratun Nisa'i da ta ba wanda aka zalunta damar bayyana abin da aka yi masa, kuma an zalunce ki. Sai dai ki tambayi kanki tsakani da Allah, kin kai kuka ne inda za a share miki hawaye, ko kin sa ta a kasuwa? Canza suna bai isa ba. A garinku kowa ya san wadda aka kai Legas, mijinta na sayar da tumatir, ta rasa ɗa namiji shekara 2 da suka wuce. Kin sa wa tsohuwar nan mayafi ne kawai kin bar muryarta a waje.

Nan kuma ina da ƙorafi a kan ƙungiyar taku. Mata 40 suka karanta, da yawansu sun san labarinki ne, ba a samu ɗaya da ta ja ki gefe ta ce ƙanwata, wannan fa za a gane ba? Sun iya gyara miki inda za a raba kalma da inda za a haɗe, amma wannan gyaran da ya fi kowanne muhimmanci ya wuce su. Ba na cewa da mugunta ne. Labari in ya yi daɗi kowa yabo yake yi, a manta akwai mutane masu rai a bayansa.

Yanzu ki dubi abin ta idon mijinki. Dillali a Mile 12 jarinsa sunansa ne. Manomi a Danja ko Kura ko Ikara ya loda kwanduna a mota, tafiyar kusan kilomita 1,000, kayan da ba sa jira, ya damƙa wa mutumin da ke can ƙarshen hanya ba tare da ya ga ko kwabo ba, saboda an ce wane mai amana ne, gidansa gidan mutunci ne. Kuma kasuwar nan gari-gari ake zama. Waɗanda yake shan shayin safe da su 'yan garinku ne, direban da ya taso daga gida shekaranjiya yau yana tsaye a kansa. Abin da aka tattauna a ɗakin ƙanwarsa ya riga ya sauka a Mile 12 tare da tumatir. Ki ƙaddara wani ya ce masa cikin raha, "Alhaji, ashe madam marubuciya ce, mun ji har Inna ta fito a littafi." Mutumin da bai karanta ba, aka ba shi labari daga bakin wadda ranta ya ɓaci, me kike so ya ce in ba a bari ba?

Sannan akwai abin da ke kanki kika rubuta ba ki tsaya a kansa ba. Shi ya ɗauki yaron nan a hannunsa ya kai shi. Ke ba ki ga ramin ba, shi ya gani. Kwana uku ya koma kasuwa, kika ɗauka bai damu ba, ni kuwa na ga maza da yawa irinsa, kasuwar ce maɓoyarsu, a yi ta ihun ciniki don kada a ji abin da ke ciki. Ke Allah Ya haɗa ki da mata 40, shi wa yake da shi? Abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa, ku biyun nan kuwa shekara 2 kuna ɓoye wa juna mutuwa ɗaya a kan katifa ɗaya.

Shawarar sabon layi, ki bar ta inda kika ji ta. A ɗaki ɗaya ina za ki ɓoye? Ƙarƙashin katifa, ko cikin buhun shinkafa? Yarinya 'yar shekara 5 ma sai ta tona ki, "Abba, Umma tana da wata waya." Kuma ranar da namiji ya tsinci ɓoyayyen layi a hannun matarsa, ba zancen adabi zai zo masa ba, kin san abin da zai zo masa. Yau laifinki ɗaya ne kuma mai gyaruwa. Ranar nan za ki tashi da tabon da ko rantsuwa da Alƙur'ani ba lalle ta wanke shi ba. Bayan haka salon rubutu kamar tafiya ne, wanda ya san ki ko daga baya ya hango ki ya gane, ƙanwar mijinki kuwa yanzu ido ta zuba. Shugabarku na iya kasancewa tana ƙaunarki da gaske, amma in aure ya mutu ba ita za ta biya hayar Ketu ba, ba ita za ta shiga motar dare da yarinya da buhun kaya ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ga abin da nake ganin ya fi. Ki fara da janye labarin. Ki roƙi 'yan ƙungiya su daina tura shi, wadda ta ajiye ta goge. Ba zai dawo duka ba, magana zarar bunu ce, amma ya ji cewa kin yi, kuma daga nan za ki gane su waye naki a cikin 40 ɗin. Wadda ta ce ta goge, Allah Ya daidaita ku, ki riƙe ta. Wadda ta hau yi miki huɗubar kada ki ba da kai, ki gaishe ta daga nesa.

Sai shi. Kada ki tare shi da ya shigo da dare ƙafa duk laka, kada kuma da asuba yana neman takalmi. Ki nemi ranar da kasuwa ta yi sauƙi, ko Juma'a bayan an sauko, yarinya ta tafi wurin maƙwabta. Ki ba shi haƙuri a kan abu ɗaya tak, ki kuma ambace shi da sunansa: na fitar da maganar Inna waje, ban kyauta ba, na jawo maka magana a cikin mutane. Kada ki ce ki yafe min da na yi rubutu, don in kika ba da haƙuri a kan wannan kin amsa cewa laifi ne, gobe ba ki da bakin nemansa. Kuma kada ki biyo da amma ai ita ta fara. Gaskiya ne ita ta fara, ranar wannan zancen daban.

Inna kuma waya ba ta isa ba, ta waya aka yi ɓarnar. In da hali ki je da ƙafarki, ko da sallah ce, in babu ki sa babba daga gidanku, kawu ko gwaggo, ya taka ya je, da ɗan turmin atamfa da goro. Ki durƙusa, ba gajiyawa ba ce. Kada ki sa rai za ta ce ni ma na yi kuskure, tsofaffinmu ba kasafai suke furta wannan ba. Wataƙila dai wata rana ki ga an aiko miki da kuka da daddawa da ƙullin yaji ta hannun direba, to ki karɓa, haƙurin ke nan.

Game da ƙungiyar, ni da ni ce sai in ce masa na dakata da sakin komai na wata 3, don girmama maganarsa, amma littafina da birona suna nan, a fili, a kan akwati. Ki sa wa dakatawar iyaka da bakinki, kada ta zama har abada ba a faɗa ba. A cikin watannin nan ki fito da matan daga cikin waya. Shi a wurinsa yanzu wasu muryoyi ne marasa fuska da suka shigo masa gida suka juya masa mata. Ku 5 ne a Legas. Ki gayyato biyu, musamman dattijuwar cikinsu da wadda ta haɗa ku a Islamiyya, su sha gosulo su zo Ketu ranar da yake gida, ki yi musu dambu, su gaishe shi, ya ga matan aure ne masu 'ya'ya da kamun kai, ya san mijin wance a Agege yake, na wance a Alaba Rago. Zumunta a ƙafa take, kuma namiji ya fi sakin jiki da abin da ya san ƙofar gidansa. Kuɗin da kike samu na bugu ma kada ya zama sirri. Ranar da kika biya kuɗin littattafan yarinya da shi, ki faɗa masa daga ina suka fito.

Sai batun sana'ar kanta, tunda na ga da gaske kike. Duk marubuci daga rayuwarsa yake ɗiba, amma ɗiba ake yi a sarrafa, ba a juye tukunya gaba ɗaya a faranti. Ki ɗauki ciwon ki bar mutanen. Mai da Legas Fatakwal, mai da dillali tela, haɗa suruka uku ki fitar da ɗaya. Abin da ya fi wuya kuma ya fi kyau, ki ba surukar labarinki dalilinta. Wa ya sani ko ita ma ta binne nata jariran a zamanin da ba a kuka, ko tsoro ne ya fito mata ta baki a siffar faɗa, ko haushin Kurmi ce da ta ɗauke mata ɗa tun yana saurayi ba ta ganinsa sai sallah? Ranar da kika iya rubuta tsohuwar nan har mai karatu ya tausaya mata, kin zama marubuciya, kuma ba wanda zai ce da shi kike. Ki kuma kafa wa kanki doka, abin da ya shafi gida ya kwana 40 a akwati kafin wani ido ya gan shi. In kin ƙware, ga gasar Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016 domin mata zalla. Irin wannan fili ne da miji zai iya bugun ƙirji da shi a rumfar shayi, maimakon ya sunkuyar da kai.

In kin yi duk wannan ya kafe a kan ko takarda ba ya son gani, to kada ki yi ta ja da shi ku biyu. Ki nemi wanda yake jin nauyinsa, malamin Islamiyyarku, ko limamin masallacinsu na kasuwa, ko babban da ya riƙe shi lokacin da ya zo Legas, a faɗa masa halin da kika shiga wata 7 da abin da ya fitar da ke. Da yawan maza ba su san matansu sun kai bakin rami ba sai an gaya musu. Kuma ko da rubutu ko babu, in rashin barcin ya dawo ya wuce mako 2, abinci ya fita ranki, ko kika fara jin gara ki bi yaron, wannan ba na ƙawaye ba ne kuma ba na biro ba ne. Ki je babban asibiti ki faɗa wa likita yadda kika faɗa min. Ciwon damuwa bayan rasa jariri sananne ne, ana maganinsa, ba hauka ba ne kuma ba raunin imani ba ne.

Abu na ƙarshe, kuma shi na fi so ki yi. A daren da kika ba shi haƙuri, in kin ga fuskarsa ta sauko, ki ce akwai abin da kike so ya ji daga bakinki, ba daga bakin wani ba. Ki ɗauko littafin farko, na makarantar 'yarki, ba wanda aka gyara aka tura ba. Ki tsallake shafin Inna. Ki buɗe inda kika rubuta daren asibiti, lokacin da aka miƙo masa yaron a naɗe ya juya miki baya don kada ki ga fuskarsa, in kin rubuta wannan, in ba ki rubuta ba ki zauna yau ki rubuta. Ki karanta masa a hankali, kada ki ɗago kina duba ko yana ji. In ya tashi ya fita kafin ki kai ƙarshe kada ki bi shi, kada kuma ki rufe littafin. Ki bar shi a buɗe a gefen da yake kwanciya, ki je ki ɗora masa ruwan shayi.